Wayar Hannu da Naƙasassu a Batsari da Safana: Shawara ga Masu Kula da Harkar Sadarwa



GABATARWA

An saba auna ci gaban sadarwa a Nijeriya da ƙidaya. A kan ce layuka miliyan kaza ne ke aiki, turakun sadarwa dubu kaza aka kakkafa, kashi kaza cikin ɗari na jama'a ke samun intanet. Ƙidaya irin wannan tana da amfaninta, amma ba ta faɗin ko wane ne aka bari a baya. Manufar wannan lacca ita ce a ajiye wani ma'auni dabam a gaban hukumomin da ke kula da sadarwa, watau idan ana so a san ko waya ta isa wani gari, sai a dubi makaho da kurma da gurgun garin, a ga ko za su iya neman agaji da ita a sa'ad da rai ke cikin haɗari. An zaɓi Batsari da Safana ne domin a can aka ga abin da rashin waya ke nufi a zahiri, cikin shekarar 2021.

Kafin a shiga magana, ya kamata a share fage game da kalmomi. A yau a kan ji ana cewa "masu buƙata ta musamman" saboda ladabi, kuma niyyar mai kyau ce. Sai dai a wajen tsara aiki jimlar tana rufe abin da ake son a buɗe, domin buƙatar makaho dabam take da ta kurma, ta kurma kuma dabam take da ta gurgu. Saboda haka za a ambaci kowa da sunan da Hausa ta san shi da shi, ba don raini ba, sai don a san maganin da ya dace da kowa.

HUKUMAR DA DOKOKINTA

An kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCC, da dokar soja mai lamba 75 ta 1992. A wancan zamani tarho na hannun kamfanin gwamnati na NITEL, kuma layukan da ke aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Cikin Janairu 2001 hukumar ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, a watan Agusta na shekarar kamfanoni suka fara aiki. Sa'an nan a 2003 aka yi Dokar Sadarwa ta Nijeriya, wadda ta ba hukumar cikakken iko a kan lasisi, da farashi, da ingancin aiki, da amincewa da irin na'urorin da za a shigo da su.

Akwai abubuwa uku a cikin wannan doka da suka shafi batun yau. Na farko, a sashe na 1, inda aka jera manufofin dokar, an ambaci cewa tilas ne a kula da buƙatun naƙasassu da tsofaffi wajen samar da sadarwa. Na biyu, dokar ta tanadi asusu na musamman domin kai sadarwa ƙauyuka da wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba, asusun da ya fara aiki a 2006, wanda ake zuba masa wani kaso na harajin da kamfanoni ke biya. Na uku, sashe na 148 ya ba hukumar iko ta dakatar da sadarwa idan an shiga halin gaggawa ko don tsaron jama'a.

Bayan wannan, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta Haƙƙin Naƙasassu a 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya yi magana a kan samun hanyoyin sadarwa, har da na neman agajin gaggawa, sashe na 11 kuwa ya wajabta kare naƙasassu a lokutan rikici da bala'i. A cikin Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta yanke tarar naira 1,000,000 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. A 2020 aka kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa. Ke nan ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Abin tambaya shi ne yadda alkawarin sashe na 1 zai tsaya da ƙafafunsa a ranar da aka yi amfani da sashe na 148.

BATSARI DA SAFANA

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Katsina, cikin masarautar Katsina. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Dukansu biyu suna jingine da Dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Zamfara. Bisa ƙidayar 2006, Batsari tana da mutane fiye da 200,000, Safana kuma fiye da 180,000, galibinsu manoma da makiyaya a ƙauyuka da rugage masu nisa da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, watau kusan mutum ɗaya cikin shida, suna da wata naƙasa mai tsanani. Idan aka ɗora wannan kiyasi a kan waccan tsohuwar ƙidaya, ana magana ne a kan mutane fiye da 60,000 a ƙananan hukumomin nan biyu kawai.

Yankin ya daɗe yana fama da hare-haren 'yan bindiga masu fitowa daga daji. A cikin Fabrairu 2020, alal misali, an kashe mutane 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari a dare guda. A wuri irin wannan aikin waya ya wuce gaisuwa da ciniki. Da ita wani ƙauye ke gaya wa na gaba cewa an ga babura sun fito, da ita ake kiran jami'an tsaro, da ita ake neman motar da za ta kai mai naƙuda asibiti, da ita kuma ɗan da ya tafi ci-rani Legas ko Abuja ke turo wa iyayensa kuɗin hatsi. Mai lafiya in ya ji harbi sai ya sheƙa da gudu. Gurgu da makaho kuwa gudunsu shi ne labarin da ya zo musu da wuri, domin sai an sami mai ɗauka ko mai jan gora kafin su motsa. Minti goma da waya ta ba su, shi ne tsakanin rai da mutuwa.

ABIN DA YA FARU A 2021

A farkon Satumba 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jihar. Bayan kamar mako guda aka rufe ta a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, cikinsu har da Batsari da Safana, da maƙwabtansu Jibiya da Kurfi da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. A daidai wannan lokaci an hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, an hana sayar da man fetur a jarka, an kuma hana sana'ar cajin waya a ƙananan hukumomi da dama. A watan Disamba aka fara mayar da layuka a wasu wurare, amma Batsari da Safana suna cikin waɗanda aka jinkirta wa.

Dalilin gwamnati ba abin rainawa ba ne. Da waya masu kai rahoto ke gaya wa 'yan bindiga motsin jami'an tsaro, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa. Wannan lacca ba ta zo yanke hukunci a kan ko rufewar ta yi amfani ta fuskar tsaro ba. Abin da ta zo nunawa shi ne nauyin bai faɗo wa kowa daidai ba. Mai ƙafa da kuɗin mota yana iya zuwa birnin Katsina ya yi kiransa, ya ciro kuɗinsa, ya komo gida. Matashi yana iya hawa dutse ya daga waya sama ko zai kamo sabis daga nesa. Gurgu ba ya hawa dutse. Makaho in zai yi tafiyar, kuɗin motar mutum biyu zai biya, a kan hanyar da kowa ke tsoro. Kurman da ya yi karatu, wanda saƙon rubutu ne bakinsa da kunnensa ga na nesa, an rufe masa duka biyun a rana ɗaya. Umarni guda ne, amma ga wani wahala ce, ga wani kuwa kurkuku ne.

KO DA AKWAI SABIS

Kada a ɗauka da zarar an kunna turke matsala ta ƙare. Akwai shingayen da naƙasasshe ke cin karo da su kullum, ko da sandunan sabis sun cika a fuskar wayarsa.

A fara da makaho. Wayar da ta fi yawa a ƙauye ita ce ƙarama mai maɓallai, kuma tana da wata fa'ida da ba kowa ya lura da ita ba, watau ɗan tudun nan da ke kan lamba 5, wanda aka yi shi musamman domin yatsa ya gane tsakiya ya lalubi sauran lambobi. Da shi makaho ke buga kira ba tare da taimakon kowa ba. Amma da ya zo ga duba kuɗi, ko sa kati, ko tura kuɗi ta lambobin nan masu farawa da alamar tauraro, sai aiki ya tsaya, domin amsar a rubuce take fitowa, kuma in an yi jinkiri kaɗan sai ta katse. Dole ya miƙa wa wani wayar, ya kuma gaya masa lambar sirrinsa. An ga tsananin wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan canjin naira, sa'ad da sayen ko da mudun gero ya koma ta waya.

Manyan wayoyi suna da manhajar da ke karanta rubutu da murya, kamar TalkBack da VoiceOver. Amfaninsu ga Bahaushe ya dogara ga samun murya mai karanta Hausa daidai, kuma a nan ne aikin masana harshe ya shigo. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya zama wurin zama, tana iya zama abin tuwo. "Kuka" tana iya zama bishiya, tana iya zama hawaye. Mai karatu yana rarrabewa daga jimla ba tare da ya sani ba, na'ura kuwa sai an koya mata da dubban jimloli daga bakin masu harshen. Har ila yau akwai batun baƙaƙe masu ƙugiya. Tsarin saƙon waya na asali ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma da an sa ɗaya daga cikin waɗannan sai ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kawai, wasu ƙananan wayoyi ma sai su nuna ɗan akwati a gurbin harafin. Shi ya sa jama'a suka saba zubar da ƙugiya. Mai ido in ya ga "an ga baki a bakin gari" ya san baƙi ake nufi. Na'urar da ke karanta wa makaho kuwa abin da aka rubuta za ta faɗa.

Sai kurma da bebe. Lambar neman agaji ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce, kuma hukumar NCC ta gina cibiyoyin karɓar kiranta a jihohi, har da Katsina. Amma kira magana ce, wanda ba ya ji ba ya kuma magana ba shi da rabo a cikinsa. Wasu ƙasashe sun yi maganin wannan. A Amurka dokar naƙasassu ta 1990 ta wajabta wa kamfanonin tarho su samar da masu isar da saƙo tsakanin kurma da mai ji. A Ingila tun 2009 kurma na iya tura saƙon rubutu zuwa 999 in ya yi rajistar layinsa tukuna, a Yuni 2022 kuma aka fara kiran gaggawa na bidiyo da maganar hannu. Sai dai ba a kwafo tsari a dasa shi haka nan. Kuramen da suka yi makaranta, irin ta Malumfashi ko ta Tudun Maliki a Kano, suna rubutu, suna kuma amfani da maganar hannu ta makaranta, wadda tushenta na Amurka ne. Kuramen ƙauye kuwa da yawansu ba su yi boko ba, kuma suna da tasu maganar hannu ta ƙasar Hausa, harshe mai zaman kansa, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta buga littafi a kansa a 2000. Tsarin da bai san da waɗannan ba, rabin aiki ya yi.

Daga nan sai gurgu da kuturu. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda bai haɗa ba a rufe layinsa. Yin rajista yana buƙatar zuwa gari, da tsayuwa a layi, da hawa matakala, da dangwala yatsu. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu, ko wanda ke jan jiki daga wani ƙauye na bayan Runka ko Wagini, yana iya rasa layinsa ba don ya ƙi bin doka ba, sai don hanyar bin ta ba ta biyo ta ƙofarsa ba.

SHAWARWARI

Na farko, kuma mafi muhimmanci, idan tilas ta sa za a sake dakatar da sadarwa a wani yanki, to a bar ƙofar agaji a buɗe. Wannan ba mafarki ba ne. A cikin ƙa'idojin fasahar wayar hannu tun asali an kasa layuka aji-aji, an ware wa kiran gaggawa ajinsa, an ware wa jami'an tsaro da na agaji nasu. Ana iya umartar turke ya ƙi karɓar kiran kowa da kowa amma ya bar kiran 112 ya wuce. Ta haka mai kai rahoto ba zai sami ɗan bindiga ba, amma mai neman ceto zai sami cibiyar agaji. Ya kamata hukumar ta zauna da injiniyoyin kamfanoni ta gwada wannan tun ana zaman lafiya, domin Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a rubuta ƙa'idar amfani da sashe na 148 a fili: wa ke da ikon nema, kwana nawa za a yi, yaushe za a sake dubawa, wane tanadi aka yi wa asibitoci da naƙasassu. In sirrin tsaro ya hana a yi sanarwa kafin lokaci, to a yi ta a ranar, da Hausa da Fulatanci, ta rediyo da bakin masu unguwanni, a kuma faɗi ranar da ake sa ran buɗewa.

Na uku, a buɗe wa 112 hanyar saƙon rubutu, tare da rajista tun da wuri. A rubuta sunan kurma, da ƙauyensa, da unguwarsa, da lambar wani makusancinsa. In an yi haka, ko lamba ɗaya tak ya tura, misali 1 don hari, 2 don rashin lafiya, 3 don gobara, cibiya ta san ko wane ne, ta san inda yake. Wannan zai yi wa wanda bai iya rubutu ba aiki, kuma ƙaramar waya ta wadatar.

Na huɗu, a wajabta wa kamfanoni cewa duk abin da ake yi ta lambobin tauraro a iya yin sa ta murya, da Hausa, kyauta ga makahon da ya yi rajista, a kuma tsawaita lokacin jiran amsa. Lambar kai ƙara ta hukumar, watau 622, ita ma ta karɓi saƙon rubutu.

Na biyar, tun da hukumar ce ke amincewa da irin wayoyin da ake shigowa da su, sai ta sa sharaɗi: tudun lamba 5, da girgiza mai ƙarfi domin kurma, da nuna baƙaƙen Hausa yadda suke. Sharaɗi ne mai araha ga mai ƙera waya, mai tsada ga wanda ya rasa shi.

Na shida, asusun kai sadarwa ƙauyuka ya ware kaso bayyananne domin naƙasassu. Da shi za a kafa turaku masu aiki da hasken rana a inda kai man dizal ke da haɗari, a ɗauki nauyin sassan Hausa na jami'o'i su tara muryoyi da jimlolin da za a koya wa na'ura, a kuma riƙa kai masu rajista kasuwannin Batsari da Runka da sauransu a ranakun cin kasuwa, tare da sananniyar hanya ga wanda ba shi da yatsun dangwalawa. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Ya kamata turakun bakin daji su fara cin moriyar wannan, domin su ne suka fi buƙata.

Na bakwai, a tambayi masu abin. Ƙasar Hausa ta daɗe da tsarin shugabancin naƙasassu, akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, da Sarkin Bebaye, waɗanda suka san jama'arsu gida-gida. Akwai kuma ƙungiyoyin naƙasassu na zamani masu rassa a jihohi. Taron jin ra'ayin jama'a da aka yi a otal a Abuja da Turanci ba zai ji muryar waɗannan ba. A kawo taron Batsari, a kawo shi Safana, a yi shi da Hausa da maganar hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

KAMMALAWA

Wani zai ce wannan ɗawainiya ce mai yawa saboda mutane kaɗan. Amsa ita ce mutum ɗaya cikin shida ba kaɗan ba ne, kuma abin da aka gyara domin naƙasasshe ba shi kaɗai ke amfana ba. Muryar Hausa da aka yi domin makaho, ita ce za ta yi wa tsohuwar da ba ta yi boko ba jagora. Saƙon lamba ɗaya da aka yi domin kurma, shi ne zai ceci mai lafiyar da ya ɓuya a cikin rumbu, wanda in ya buɗe baki za a ji shi. Bugu da ƙari, naƙasa ba ta yin sallama kafin ta shigo. Harsashi da haɗarin mota da hawan jini da tsufa suna ƙara yawan masu ita kullum, mai ido a yau ba shi da tabbacin gobe.

Saboda haka, idan hukuma ta zo ba da rahoton shekara, bayan ta faɗi yawan layuka da yawan turaku, ya kamata ta ƙara layi ɗaya, ta faɗi ko kurman Safana zai iya kiran agaji da tsakar dare, ko kuma makahon Batsari zai iya tura kuɗinsa ba tare da ya tona asirinsa ga kowa ba. Ranar da amsar ta zama i, ranar ce za a ce alkawarin da dokar 2003 ta yi a sashenta na farko ya cika.